Dutsen Alwalar Bappa Jalo

"Bappa, ka ƙara tunawa," in ji Fredrick, ma'aikacin kwamitin iyaka, yana baje taswira a kan tabarma. "Dutsen da Turawa suka kafa, yana gabas da rijiya ne ko yamma?"

Bappa Jalo ya yi tari mai tsawo. Ni maƙwabcinsa ne a unguwar Alkalawa ta Yola, ni kuma na tallafe shi ya zauna, don sati biyu ke nan ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

"Ni kiwo na yi, ɗana. Shanu ba sa karanta dutse."

Madam Edith, wakiliyar Kamaru, ta rufe littafinta. Zuwansu na uku ke nan, kullum amsar ɗaya ce.

Ƙauyen su Bappa a bakin iyaka yake, rijiya ɗaya tal gare su. Da 'yan bindiga suka addabi ƙasashen biyu, sojojin nan da na can suka yarda su haɗa kai, amma kowa ya ce sai ya san inda ikonsa ya tsaya. Ɓangaren da rijiyar ta faɗa masa zai kafa shinge. 'Yan'uwan Bappa suna wannan gefe, ƙanwarsa Asta da jikokinta suna wancan. Tsohuwar takardar Jamus da Ingila ta ce iyaka tana kan wani dutse mai lamba, dutsen kuma ya yi ɓatan dabo. Cikin waɗanda suka taɓa ganinsa a tsaye, Bappa kaɗai ya rage.

Ni dai na san inda dutsen yake. Shekarar da mutane suka yi ta gudowa Yola, ni na taimaka aka sauke kayan Bappa daga mota. Kowa ya gudo da katifa da akuya, shi ya gudo da dutse. Mun yi ta tsokanarsa har muka gaji. Ya ce mahaifinsa ne ya tumɓuke shi tun shi Bappa yana yaro, ya ɓoye a gida. Na ga lambar da idona kafin ya kife shi a ƙofar zaure, ya mai da shi wurin alwala.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya aika a kira ni. Numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Usaid, kowa yana shan ruwan rijiyar yanzu, ko?"

"Kowa yana sha, Bappa."

"To, kar a juya dutsen nan."

Kafin magariba ya cika. Asta ba ta samu ƙetarowa ba, ta waya aka yi mata gaisuwa.

Ranar uku Fredrick ya zo ta'aziyya. Ya zauna cikinmu, ga alama ya ji mutuwar da gaske.

"Mun rubuta," ya ce mini. "Rijiya kowa ya ci gaba da sha, har sai an ga dutsen. Yanzu kuma wa zai nuna mana?"

"Allah masani," na ce.

Da zai tafi, ya duba inda zai zauna ya ɗaure takalmi. Ya share dutsen da hannu, ya zauna a kai, ya ɗaure igiyar dama, ya ɗaure ta hagu. Ya miƙe da ɗan jiƙon ruwan alwala a bayan wandonsa, ya nufi mota.