Mutum na Uku

Ranar wata Talata a farkon damina, shekara uku da suka wuce, na rubuta a wannan shafi cewa hanyar Randagi lafiya lau take. Matata Bara'atu ta karanta, ta hau acaɓa da ƙarfe tara. Kafin azahar aka kawo gawarta da ta mai babur ɗin.

Kun san wannan. Kun yi mini ta'aziyya, har da wanda ya kwafo addu'a daga wani wuri bai cire sunan mamacin farko ba.

Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shafin nan. Don tarihin Tsohon Birnin Gwari na buɗe shi, ganuwa da rijiyoyi da sunayen unguwanni. Mutum bakwai ke karantawa, biyu tsofaffin ɗalibaina ne masu jin kunyata. Sai da daji ya lalace da 'yan bindiga, na soma rubuta labarin hanya kowace safiya, sannan kuka cika shafin. Ban riƙe ku ba. Mai son isa gona ba ruwansa da wanda ya gina ganuwa.

Ƙa'idata tana saman shafin: ba na cewa hanya ta yi kyau sai na ji daga bakin mutum uku. A hanyar Randagi mutanena su ne Isiyaku mai jigilar buhuna a babur, da Patience mai shagon magani, da Modibbo makiyayi, wanda rugarsa ke bakin daji. Biyun farko hanya suke gani. Modibbo ne ke ganin abin da zai fito kafin ya iso hanya.

Ran nan Isiyaku ya ce ya wuce da sassafe bai ga kowa ba. Patience ta ce wajensu shiru. Modibbo na kira sau huɗu, waya na ƙara, ba a ɗauka. Daga baya na ji dalili: sawun babura ya gani a rafi, ya kaɗa shanunsa ya gudu, ya bar wayar a bukka. Rashin ɗaukar shi ne labarin. Ni kuwa, da duk littattafan da na karanta, na ce wa kaina kiwo ya tafi. Saƙonninku na ta shigowa, kowa na tambaya Malam lafiya yau shiru. Na rubuta, na aika.

Bara'atu na yafa gyale, za ta sunan jikar yayarta. Ta duba wayarta ta yi dariya, ta ce yau babban edita ya ba talakawa izinin fita. Sannan ta tambaya ko duk ukun sun amsa.

Na ce, "Ba ga shi kin karanta ba?"

"To, Malam. Tunda ka rubuta."

Daga bakin ƙofa ta ce in ɗumama miyar jiya, kada in ci garin kwaki a tsaye kamar gwauro.

Na ci gaba da shafin, kuka ci gaba da yabon ƙa'idata. Ban gyara muku ba.

Makon jiya Modibbo ya zo gidana, karon farko tun da ya yi ƙaura. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa, ya ce gafara ya zo nema, da ya tafi da wayar nan da Hajiya tana nan. Shekara uku abin na hana shi barci. Bai iya karatu ba, amma ya san abin da aka rubuta a saman shafin, ya kuma san bai ɗauki waya ba. Bai tambaye ni komai ba. Na ce ba shi da laifi, na ba shi ruwa, na raka shi bakin titi.

Saboda haka wannan ne rubutu na ƙarshe. Mai son labarin hanya ya kira mutanensa da kansa, idan ɗaya bai ɗauka ba ya zauna gida. Tarihin ganuwa yana nan ƙasa, ga mutum bakwai ɗin nan, in suna raye.

Ku dai na faɗa muku. Ita ce ta tambaya, kuma amsar ba ta da tsawo: biyu ne, Bara'atu, ajiye gyalen.