Muryar Tsohuwar Akuya

Ƙarar ta fara ne bayan la'asar. Ƙas, ƙas, ƙas, daga cikin kwamfutar Auta, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi. Ta kira mai gyara, ta kara wayar a jikin kwamfutar don ya ji da kunnensa.

"Faifan ajiyar da ke cikinta ne ke mutuwa," in ji shi. "Kar ki kashe ta, kar ki ɗaga ta. Abin da kike so ki kwashe yanzu. Ba na ce zai kai magariba ba."

Auta ta ajiye waya, ta ma yi murmushi. Ita da yayanta suna yin zanen katun na yara a ɗakin da ke gaban gidansu, kuma duk aikin da suka yi tana tura shi ma'ajiyarsu ta intanet, wadda ke riƙe kowane canji tun ranar farko. To me zai dame ta? Ta jawo kujera gaban kwamfutar Yaya, ta janyo aikin daga ma'ajiyar don ta gani da idonta. Cikin ƙiftawar ido ya sauko, saurin da ya sa gabanta faɗuwa.

Ta buɗe fayil ɗin fim. Layi uku na rubutu. Ta buɗe na sauti. Layi uku. Manyan fayiloli dama ba sa tafiya tare da sauran aiki. Ma'ajiyar tana karɓar 'yar shaidarsu ne kawai, irin lambar da ake ba mutum in ya ajiye kaya, su kuma kayan a tura su daban. Lambobin duk sun isa. Kayan kuwa ko ɗaya bai bar ɗakin nan ba.

"Yaya!"

Ya shigo da burodi a hannu. Da ya ga allon sai ya daina tauna.

"Ai lokacin da netwok ke ba mu wahala ne na tsayar da tura manyan," ya ce a hankali. "Na ɗan lokaci ne fa."

"Na ɗan lokaci! Yaushe ke nan?"

Shi ma ya san an kwana biyu. Faifan waje da za a kwashe kayan a ciki kuwa, Yayan nan dai ya ara wa wani abokinsa tun bara, ya bi ruwa. Mutumin kirki ne Yaya, amma wallahi kirkinsa na da tsada.

Ƙas, ƙas, ƙas.

Manyan jakunkunan fayiloli biyu ne a faifan. Ɗaya fim ɗin da wata makaranta ta ba su, aikin wata da watanni, jibi za a miƙa. Ɗayar kuma muryoyi. Umma ce ke yin muryar tsohuwar akuya mai faɗa a katun ɗinsu, don babu wanda ya kai ta iya masifa mai daɗin ji. Daga baya aka yi mata aikin maƙogwaro, ta warke, amma muryar ta tafi ke nan. Umma kuwa mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta a waya. Duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin wannan faifan mai ƙara.

"Fim ɗin tukuna," in ji Yaya. "In ya haye, sai muryoyin."

"Da wannan netwok ɗin? Ɗaya zai haye, in ma ya haye."

"Auta, in muka kunyata makarantar nan, wa zai sake ba mu aiki? Kin san da me muke sayen maganin Umma?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ji haushinsa. Ta koma gaban kwamfutarta, ta rubuta umarnin tura manyan fayiloli, ta saka sunan jaka, ta danna. Lamba ta fara motsi a ƙasan allo, a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

Yaya ya leƙo ta kafaɗarta. "Wace jaka ce wannan?"

Ya karanta sunan da kansa: jakar muryoyi ce.

"Ke! Tsayar da shi!"

"Taɓa ni ka gani."

Hayaniyar ce ta kawo Umma. Ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwalin da take naɗewa a wuya, tana dubansu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya zayyana mata komai, har da hannu. Umma ta saurara, sannan ta matso, ta buga teburi sau biyu da yatsa, yadda take kiran Auta yanzu. Ta nuna hoton fim ɗin da ke manne a bango. Ta nuna wuyanta, ta yarfa hannu, wato a bar muryar ta tafi.

Auta ba ta taɓa yi wa Umma musu ba. Ko a ƙuruciya, kallo ɗaya ya ishe ta. Yanzu ga kallon nan, ga yatsan yana sake buga teburi, da ƙarfi.

"Umma, ki yi haƙuri," ta ce, idonta a kan allo. "Fim zan iya sake zana shi, ko zan makance. Wannan fa?"

Ta ɗora hannuwanta biyu a kan madannai ta rufe su. Tsoro take ji sosai, na Umma da na faifan, har ba ta san wanne ya fi ba.

Fayil na farko ya haye. Na biyu ya tsaya a tsakiya, netwok ya ɗauke, Yaya ya fizgi wayarsa ya kunna mata nasa datan, ya je ya riƙe ta a jikin taga inda ta fi kamawa. Lambar ta ci gaba. Ƙarar ta sauya, ta koma gurnani. Wasu suka haye, wasu faifan ya ƙi karantawa, aka tsallake su. Fanka kawai ke juyawa a sama.

Sai gurnanin ya tsaya. Allon ya daskare, 'yar kibiyar da ke kansa ta ƙi motsi. Fim ɗin ya tafi, da fiye da rabin muryoyin.

Yaya ya sauke hannunsa daga taga, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Auta ta lallaɓa zuwa kwamfutarsa, ta janyo abin da ya tsira. Wannan karon ya daɗe yana saukowa, ta ji daɗin daɗewar. Ta danna na farko.

Ba ma layin akuyar ba ne. Gwajin makirufo ne, irin wanda ake sharewa.

"Kin kunna? Auta, kin kunna ne ko kina wasa da ni? Ke, daina dariya! Kai kuma babban banza, ka tsaya min a kai kamar sanda, kawo min ruwa mana." Sai dariyar Umma, mai kauri, har da tari a ƙarshe.

Umma ta kai hannu wuyanta. Leɓunanta na bin maganar kalma bayan kalma, babu sauti. Fayil ɗin ya ƙare.

Yaya ya miƙe ya fita. Auta ta ɗauka fushi ne. Sai ga shi ya dawo da kofin ruwa, ya durƙusa ya miƙa wa Umma, idanunsa jajur.

Umma ta karɓa. Ta buga teburi sau biyu, ta nuna allon.

Auta ta sake kunnawa.