Harsashin Jan Ƙarfe

Tun da aka hana harbin barewa da harsashin dalma a tsibirin Hokkaido, Tokuji Narita bai ƙara jin daɗin bindigarsa ba. Bai yi musun dalilin ba. Shi da kansa ya taɓa tsintar mikiya a bakin kogi, fukafukai a sake, ta ci ragowar naman da maharba suka bari da ɓurɓushin dalma a ciki. Amma haɗin harsashin da ya saba yi da hannunsa tun kansa na da baƙin gashi ya tashi aiki. Dole ya koma na jan ƙarfe, ya faro daga tushe.

Duk bazarar nan a ɗakin aikinsa na bayan gida ya yi ta. Ya wanke kwanson harsasai, ya auna tsawon kowanne, wanda ya ɗara 'yan'uwansa ya rage masa baki. Ya zuba albarushi a sikeli ƙwaya-ƙwaya, ba ya wuce iyakar da masu yin sa suka gindaya. Yau ya ƙara kaɗan, gobe ya rage, jibi ya tura kan harsashin ciki da kaurin gashi. Abin da yake nema bai da yawa: harbi uku a takarda, ramukan su haɗu wuri ɗaya yadda kwabo zai rufe su. Abin da yake samu kuwa, ko tafin hannunsa ba ya rufewa.

"Baban yara, miya ta huce," in ji matarsa Fumie daga bakin ƙofa. "Barewar nan dai ba takarda ba ce. Ko ina ka same ta ai faɗuwa za ta yi."

"Ba ko ina ba," ya ce bai ɗago ba. "In ka same ta a ciki, sai ta ja hanjinta cikin daji ta mutu a wahale, kai kana gida kana shan shayi."

Ta tsaya tana kallon hannunsa a kan sikelin, kamar za ta ƙara magana, sai ta juya.

Da ganye ya fara ja, ya kwashi sabon haɗi ya tafi filin gwajin harbi tare da Genzo Oikawa, maƙwabcinsa mai kiwon shanun madara, wanda Tokuji ya girme shi da kusan shekara goma. Genzo ba ya haɗa harsashi, na kanti yake saye, kuma bakinsa ba ya hutawa.

Tokuji ya ɗora bindiga a kan buhun yashi, ya yi saiti, ya harba uku. Genzo ya leƙa ta madubin hangen nesa ya fashe da dariya.

"Toku-san," ya ce wa Tokuji, "takardar maƙwabci ma ta gode, ta samu rabonta."

"Jan ƙarfen nan ne. Ba shi da nauyi, ba shi da kunya."

"To ba ni in gaisa da marar kunyar."

Tokuji bai taɓa ba kowa bindigarsa ba, amma haushi ya sa ya tashi daga kujerar. Genzo ya zauna, ya gyara kafaɗa, ya ja kunama sau uku ba gaggawa. Suka taka tare zuwa wurin takardar. Ramuka uku ne manne da juna, kamar ganyen tsiro ɗaya.

Genzo ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskar tsohon, ya rufe.

"Sa'a ce," ya ce can. "Iska ce ta kwanta."

"Genzo, kada ka yi mini ƙarya, ban tsufa haka ba." Tokuji ya miƙa hannunsa na dama a iska, yatsu a buɗe. Su biyun suka zuba masa ido. Rawar ba ta da yawa, amma tana nan. "Ashe na daɗe da samun haɗin. Ina ta gyaran abin da ba shi da laifi."

Suka zauna a bayan mota suka ci dunƙulen shinkafar da Fumie ta ƙunsa musu. Abin da ya ba Tokuji mamaki shi ne, tare da ɗacin, akwai wani sanyi a ransa. Aikinsa ya yi kyau. Harsashin da ya fito daga ɗakinsa yana zuwa inda aka aike shi.

"Ajiye bindigar za ka yi?" Genzo ya tambaya.

"Zan je asibiti su duba. In sun ce in ajiye, na ajiye. In ba su ce ba, nisa zan rage."

Likita ya ba shi magani, ya ce tsufa ne. Tokuji ya koma filin shi kaɗai, yana matso da takarda har ya gano nisan da hannunsa ba ya cin amanarsa. Bai kai rabin inda yake harbi a da ba.

Da dusar ƙanƙara ta rufe gonaki suka fita farauta shi da Genzo. A safiyar farko wani ƙaton namijin barewa mai ƙaho ya tsaya a gefen kurmi, ya ba su haƙarƙari. A da, da tuni an gama.

"Ga naka nan," Genzo ya raɗa masa.

"Ya yi mini nisa."

Ya durƙusa ya fara jan jiki cikin ƙanƙara, gwiwoyinsa na ƙara. Bai yi nisa ba dabbar ta ɗaga kai, ta yi kukan gargaɗi, ta shige kurmi. Haka aka yi ta yi. Maharban gari suna wucewa da nama a bayan mota, shi yana dawowa da jiƙaƙƙen wando. Ya koyi abin da ya manta tun yana saurayi: bin iska, jiran dabba ta sunkuyar da kai kafin ya motsa.

Ana dab da rufe lokacin farauta ya samu wata barewa mace tana tonon ciyawa a gindin gangare, kusa har yana ganin tururin numfashinta. Ya jingina bindiga a kututture, ya jira hannunsa ya lafa, ya ja. Ta durƙushe a inda take, ko taku ba ta yi ba.

Ya cire hula ya ɗan tsaya a kanta. Genzo ya iso yana haki, da igiya a kafaɗa.

"Wannan ai ko da sanda ma za ka same ta, tsoho."

"Kama ƙafar baya," in ji Tokuji. "Gangaren nan da santsi."