Yadda Aka Jefa Ƙuri'a Kan Fasfon Sunusi

Shekara guda da komawar soja bariki, lokacin da kowa a Agege ya zama masanin siyasa, Sunusi ɗan Alu mahauci ya dawo daga Amurka jinyar ubansa. Cacar biza ce ta kai shi, tasi yake ja a can, saura ƙiris ya cika shekara biyar ya zauna jarrabawar zama ɗan ƙasa. Wata biyu yana jinya, Alu ya cika. Ranar sadakar bakwai ya buɗe jakarsa, babu fasfo.

Bai sha wahalar cigiya ba. Uwarsa Kalsum, tana zaune kan tabarmar takaba, ta ce yana hannunta, sai ta fita takaba zai tafi.

"Inna, wata huɗu da kwana goma fa. A haɗa da biyun da na yi, na zarce wata shida. Lauyana ya ce in na zarce za su iya cewa na bar ƙasar, a sake ƙirga mini shekarun daga farko."

"Su ƙirga," in ji ta. Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. "Wannan yaro, kwana goma ne zai rushe Amurka?"

An ce har cikin kwallayen jerenta ya leƙa, bai samu komai ba sai tsohon turare. Da ya gaji sai ya koma baranda da ɗan littafinsa mai tambayoyi ɗari, ƙanwarsa Zuliha tana tambaya yana amsawa da ƙarfi. Rassan gwamnati uku ne. Sanatoci ɗari ne. Wata uku ana wannan, har masu awara a bakin ƙofa sun haddace.

Zaman takaba akwai gundura, Kalsum kuwa kunnenta ƙalau. Wata safiya ta ɗaga labule.

"Me na ji kana cewa? Shugaban nasu ya ce a'a, a ce masa i?"

"In kashi biyu cikin uku na majalisa suka yarda, Inna, maganarsa ta faɗi."

"Ƙasar banza. A gidan nan ba mai tayar da maganata."

"To a gwada mana."

Ta yarda, don ta tabbata da mutanenta. Da bakinta ta naɗa majalisar: Zuliha, da Gwaggo Zuwaira ƙanwar marigayi, da Iya Bilkis, Bayarabiyar da suke haya a gidanta shekara ashirin.

Sunusi ya shiga kamfen. Ya hau ya toshe wa Iya Bilkis kwanon da ke yoyo, kullum da safe ya zube ya gaishe ta da Yarabanci. Gwaggo kuwa har kasuwar Ketu ya raka ta sarin tattasai cikin motar haya ta danfo, shi ya riƙe kwandon a cinya. Zuliha ce bai kula ba, a ganinsa tasa ce.

Ranar Asabar da hantsi aka zauna a ɗakin Kalsum. Zuliha ta fara.

"Ya zauna. Tun da Yaya ya zo ba a aike ni kasuwa ba."

"Ke, ni kika yi wa haka?"

"Siyasa ce, Yaya."

Iya Bilkis ta gyara ɗaurin zani ta ce ya tafi, ɗakin da yake kwana tana da mai so. Saura Gwaggo, wadda tun rasuwar take kwana gefen Kalsum suna kuka tare. Kalsum har ta fara murmushi.

"Ya tafi," in ji Gwaggo. "Kalsum, kaina ciwo yake. Jiya a cikin salla sanatocin nan suka faɗo mini."

Kalsum ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce da ɗanta, "Rantsuwar da Zuliha ta ce za ka yi, ta barin biyayya ga kowace ƙasa sai tasu. Akwai uwa a ciki?"

"Babu, Inna. Sarakuna ne da gwamnatoci."

"Karanto mini."

Ya karanta, ya fassara mata layi-layi. Ta sa ya maimaita wuri guda sau biyu. Sai ta ce maza su juya baya, shi kaɗai ne namiji, ya juya. Ta kwance lalitar da ke ɗaure a ƙugunta tun ranar bakwai, ta zaro fasfon, ya lanƙwashe, ya sha gumi.

Ran Laraba ya tafi. Kalsum ta rako shi bakin ƙofar ɗaki ta tsaya, don takaba da saura. Gwaggo da Iya Bilkis ne suka kai shi filin jirgin sama na Ikeja, suna gardama a mota kan wadda ƙuri'arta ta fid da shi.