Safar Hannun Kawu

Tun ranar da ma'aikatan mayanka suka ɗaga hannu suka zaɓe shi ya wakilce su kan lafiya da kariya a wurin aiki, sunansa ya bi ruwa. Kowa sai Wakili, har matarsa idan tana jin tsokana. Shi kuwa, a faɗi gaskiya, sunan yana yi masa daɗi. Da sassafe zai shigo cikin takalmin roba, ya leƙa ɗakin sanyi, ya taka bakin magudanar ruwa ya ji ko da santsi, ya girgiza ƙugiyoyin da ake rataye nama, sannan ya ɗaura rigar ledarsa ya kama wuƙa kamar kowa. Shi ya matsa aka sa fitila a kan injin yanka ƙashi, inda a da mutum ke aiki da lalube. Shi ya sa aka daina barin tiyo a miƙe a tsakiyar hanya. Ba ya son a yabe shi, in ji shi, amma idan aka yaba ɗin kunnuwansa har motsi suke yi.

Babban abin da ya ci wuyansa shi ne safar hannu ta ƙarfe, irin wadda aka saƙa da ƙananan zobba, wuƙa ta sauka a kanta ta zame. Ya yi sintiri ofishin Manaja har mai shara ta fara yi masa sannu da zuwa gida. Da safunan suka iso, ya tara mutane a ɗakin cire ƙashi, ya yi jawabi wanda ya fi ƙarfin taron, ya nuna yadda ake sawa a hannun hagu, hannun da ke riƙe nama, a ja maɗauri a wuyan hannu. Ta farko kuwa bai ba kowa ba sai Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarsa ne, kuma shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Shi ya kawo shi mayankar, ya tsayar da shi a ɗaya gefen teburi suna fuskantar juna, ya ce, "Kar ka tambaye ni komai. Abin da ka ga hannuna ya yi, naka ya yi." Haka ya koya, ido a kan hannun Kawu, har ya iya zare ƙashin kafaɗa ba tare da ya bar masa tsokar da kyanwa za ta lasa ba. Yau gashin Kawu ya yi fari, amma har yanzu wurinsa ɗaya ne, can ƙarshen dogon teburi ta jikin bango, kuma babu wanda ya isa ya tsaya masa a nan.

Kawu ya karɓi safar da hannu biyu, ya juya ta, ya ce madalla. Aka tafa. Da aka watse ya rataye ta a ƙusa sama da kansa, ya ci gaba da aikinsa da hannu tsirara.

Washegari ma tana ƙusa. Makon ya wuce tana ƙusa, tana ƙyalli kamar kayan ado.

"Kawu, safarka fa?"

"Ga ta can, ranka ya daɗe. Tana hutawa."

"Don Allah ka sa."

"Ƙarfe ba ya jin nama, ɗana. Ni da yatsa nake ganin gaɓa."

Dogo, wanda ke tsaye kusa da Kawu kuma bakinsa ba ya zama, ya ce, "Wakili, ka gyara mayanka kaf, gidanku ya gagare ka!" Aka kwashe da dariya. Wakili ma ya yi, amma ta ciki na ciki. Abin ya yi masa zafi. Mutumin da ya fi so a duk ginin nan shi ne yake kunyata shi a gaban jama'a, kuma matasa har sun fara cire tasu idan ya juya baya, suna cewa ai Kawu ma bai mutu ba.

Sai Manaja ya kira shi. Manaja ba mugu ba ne, mutum ne dai da ba ya son maimaita magana.

"Kai ka nemi safar nan, na saya. Yanzu doka ce. Duk wanda bai sa ba zuwa ƙarshen mako ya bar teburi. Tsohonka sai ya koma bakin ƙofa yana duba motoci, albashinsa na nan yadda yake. Kai ne wakilinsu, kai za ka gaya masa."

Wakili ya fito yana nanata maganar a ransa. Albashi! Wa ke maganar albashi? A raba Kawu da wuƙa a ba shi kujera a bakin ƙofa, ai an gama da shi ke nan. Kuma dokar tasa ce, shi ya yi mata yaƙi, ba yadda zai koma ya ce a ɗaga wa kawunsa ƙafa. Idan ya yi haka, gobe da wane baki zai yi wa Dogo magana?

Da yamma ya biya gidan Kawu lokacin da ya san ya fita zaman hira. Ya tarar da Inna, matar Kawu, tana yanka albasa a tsakar gida. Ya zauna ya zazzage mata komai.

"Ki yi masa magana, Inna. Ke yana jin taki."

Ta yi dariya har da share hawayen albasa. "Yana jin tawa? Mutumin da ko lemo bai taɓa yanka mini a gidan nan ba, wai wuƙarsa ta aiki ce? Ni dai abin da na sani, ranar da ka ba shi abin nan ya dawo yana ta murna, yana cewa yaronsa ya tsaya gaban mutane ya yi magana kamar babba. Daga baya kuma ya yi shiru. Na ce lafiya, ya ce ba komai, yaro ne, ayyuka sun yi masa yawa."

Wakili ya tafi gida yana juya maganar, bai gano kanta ba.

Ranar ƙarshe ta zo. Tun safe yake kewaye-kewaye, ya duba fitilar da ba abin da ya same ta, ya gyara tiyon da ke naɗe. Da ya ga ba makawa, ya nufi ƙarshen teburi. Ba ya son Dogo ya ji, don haka bai tsaya a gaban Kawu kamar yadda ya saba ba. Ya kutsa ta ɗan sararin da ke tsakanin Kawu da bango, inda bai taɓa tsayawa ba tun da yake, ya jawo cinyar saniya guda, ya zaro wuƙarsa don a ga kamar taya aiki yake yi.

"Kawu, magana ce da ni."

"Ina ji."

Ya ja wuƙa, gwiwar hannunsa ta bugi ta Kawu. Ya ce yi haƙuri, ya gyara tsayuwa. Ya sake ja, suka sake karo. Ya buɗe baki zai ce wurin ne ya yi ƙunci, sai idonsa ya sauka kan teburi. Wuƙarsa na hannun dama. Ta Kawu na nan kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, a hannun hagu. Hannun daman Kawu kuwa yana can ɗaya gefen, ya danne nama, tsirara, duk tabo.

Kawu bahago ne.

Ba wai bai sani ba. Kowa ya sani, yadda aka san launin bangon ɗakin, ba mai tunawa. Da dama Kawu ke cin abinci, da dama yake gaisawa, wuƙa kaɗai yake ba hagu. Shi ya sa ya zaɓi jikin bango, don kada gwiwarsa ta dami kowa. Shi kuwa Wakili duk rayuwarsa daga gaba yake kallonsa, wuƙa na fuskantar wuƙa kamar a madubi, har idonsa ya daina ganin bambanci. Ya tsaya gaban jama'a ya miƙa wa mutumin da ya rene shi safar hagu, hannun da ke riƙe da wuƙa, aka tafa masa.

Kunya ta rufe shi har wuya. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Kawu bai ɗago ba. Ya zare ƙashi, ya jefa a kwando. "In faɗa a ina? A gaban su Dogo? Ranar da aka tafa maka? In ce ga wakilinku nan, bai san hannun kawunsa ba?" Ya goge wuƙar a rigarsa. "Gara a ce tsoho ya cika taurin kai. Dama ana faɗa."

"Manaja ya ce bakin ƙofa za a mayar da kai."

"Na ji. Akwai inuwa a wurin."

Nan Wakili ya ji idonsa ya kawo ruwa, kuma ba albasa a kusa da zai ɗora wa laifi. Ya ajiye wuƙa. Sai an yi odar ta dama, sai ta iso, kuma Manaja ba ya maimaita magana. Cikin haushin kansa ya kwance maɗaurin tasa safar, ya fizge ta daga wuyan hannu yadda ake cire safar ƙafa, ta fito a juye, ciki ya koma waje. Zai wurga ta kan teburi ke nan ya lura da babban yatsanta. Ya koma ɗaya gefen.

Ya tsaya yana kallonta. Zobban ƙarfe ba su da ciki ba su da waje. Ya zare maɗaurin, ya sake zura shi ta sama, ya ɗaga safar a gaban fuskarsa. Ta dama ce sak.

"Kawu, kawo hannunka."

"Wanne?" in ji Kawu, yana ɗan murmushi ta gefen baki.

"Kawu, don Allah."

Tsohon ya ajiye wuƙa, ya goge hannun daman a tawul, ya miƙo. Wakili ya riƙe shi. Ya san tabban nan ɗaya bayan ɗaya. Ga na zarto, ga na ƙugiya. Ga kuma dogon nan a gindin babban yatsa, wanda wuƙar Wakili ce ta yi shi a makonsa na farko, ranar da Kawu ya miƙo hannu ta kan teburi don ya gyara masa riƙo. Ranar ma Kawu bai gaya wa kowa ba, ya ce shi ya yanke kansa. Wakili ya zura masa safar a hankali, yatsa bayan yatsa, ya ja maɗauri.

Kawu ya dunƙule hannu ya buɗe. Ya danna cinyar saniyar, ya lalubi gaɓa, ya sa wuƙa, ƙashi ya fita fes.

"Yaya, tana jin naman?"

"Da ɗumi a cikinta," in ji Kawu.

Dogo ya leƙo, ya ga ƙarfe na ƙyalli a hannun tsoho, ya daki teburi. "Jama'a, ku zo ku ga abin mamaki! Wakili, da me ka lallashe shi?"

"Da ladabi," Kawu ya amsa masa, "abin da kai ba ka da shi. Kuma ka gaya wa yaran can, duk wanda na ƙara gani ya cire tasa, ni da shi ne."

Ya miƙa hannu ya sauko da sabuwar daga ƙusa, ya ɗora wa Wakili a tafi. "Riƙe wannan, taka ta zama tawa. Yanzu fice mini daga jikin bango, kana takura mini. Koma can gabana inda nake ganinka."