Tsirkiyar da Ta Raka Ɗanliti

A ƙauyenmu, gabas da Gezawa, idan maharbi zai shiga daji mai nisa, mai garaya ne ke raka shi bakin gari yana kaɗa masa takensa. Tsirkiyar da ta yi wannan rakiya ba a kwance ta daga jikin garaya sai mutumin ya dawo. Kwance ta daidai yake da cewa an fid da rai da shi. Malamai sun sha gaya mana camfi ne, mu ma mukan ce haka ne, amma har na yi furfura ban ga wanda ya gwada ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Ɗanliti maharbi ya rataya bindigarsa ya nufi dazukan kudu. Yayansa Nababa, mai garayar garinmu, shi ya raka shi har gindin tsamiyar bakin hanya. Ɗanliti ya ce kafin wata ya mutu zai dawo da busasshen nama. Wata ya mutu, wani ya tsaya shi ma ya mutu, shiru kake ji. Matarsa Rukayya kullum da magariba sai ta ɗebi rabonsa, ko da kwaɗon rama ne, ta zuba a kwanonsa ta rufe da faifai, sai gari ya waye ta ba yara. In ta shigo gaida Nababa da safe, bakinta na gaisuwa, idonta na kan garayar da ke rataye a bango.

Ita kuwa tsirkiyar ta tsufa. Ta jijiyar bijimi ce, ta sha gumi da dauɗar hannu har ta yi baƙi, muryarta ta dushe kamar ta mai mura.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Madu, mai shagon kaset a birni, da rikodarsa. Taken maharba yake so, ladan kuwa buhun gero. A shekarar nan ko a mafarki ka ga buhun gero sai ka farka da murmushi. Nababa ya kaɗa, Madu ya mai da kaset baya ya saurara, ya yamutsa fuska. Ya ce kunne yakan yi wa tsohuwar tsirkiya uzuri, amma inji ba ya yi, kuma babu mai sayen wannan gunaguni. Nababa ya yi masa bayanin al'adarmu. Madu ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya karya kumallo, saboda haka ya saurara da ladabi, sannan ya ciro sabuwar tsirkiya ya ajiye a kan tabarma. Ya ce a ɗaura ta tun yau, don sabuwa sai ta kwana biyu tana miƙewa kafin ta zauna, in ba haka ba tsakiyar waƙa za ta saki. Zai dawo ran kasuwa da buhun a mota. In ya tarar da tsohuwa, ya zarce Minjibir, can ma akwai makaɗa.

Gida biyu ke kan Nababa, nasa da na ƙanensa, kuma ƙaramin ɗan Rukayya ya fara kumburin ƙafa. Daga ranar garaya ta bar jikin bango. Ya ce da Rukayya ɓera ne ya matsa mata, shi ya sa ya ɓoye ta a buhu. Muka riƙa ganinsa da hantsi yana nufar bayan gari da buhun a kafaɗa, can inda ba mai ji. Ba wanda ya tambaye shi. Ni dai duk sanda ya gifta sai in kawar da kai.

Ran kasuwa Madu ya dawo. A ajin firamare aka yi ɗaukar, ƙofa da taga a rufe. Gero ya zo. Rukayya da kanta ta surfa, ta tuƙa tuwo na gaske, ta zuba wa Ɗanliti babbar malmala tana cewa wataƙila ƙanshin ya jawo shi.

Da kaset ya fito, maƙwabcinsu Muntaka ya sayo don ya faranta wa Nababa rai, ya kunna a ƙofar gidan su Nababa bayan la'asar. Taken Ɗanliti ya tashi ras, tsaf, yana ƙara kamar sabon kwano. Ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba, kuma ban taɓa ƙin jin sa haka ba. Sautin ya haura katanga. A cikin gida aka daina daka.

Rukayya ta fito zaure da mayafi, hannunta duk dusa, ta tsaya gaban Nababa.

"Yaya, wannan ba muryarta ba ce."

Nababa ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin geron ya zo," in ji shi.

Ta daɗe tana kallon dusar hannunta. Sannan ta miƙa masa tafin, ya zura hannu a aljihu ya ciro tsohuwar tsirkiyar a nannaɗe ya ɗora mata. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi, da ya fi mana sauƙi.

Da magariba ta raba tuwon duka ga yara, har ƙanzo. Ta wanke kwanon Ɗanliti, ta kife shi.