Hoton Matar Mai Hoto

Wata huɗu ke nan ana shari'ar kyamara a gidan mai hoto, kuma matarsa ce alƙali, ita ce shaida, ita ce 'yar kallo. Da safe zai ce gyara ya fi: a sauya gilashin gaba, a sa sabon batir, ai da tsohuwar zuma ake magani. Kafin a sauke abincin rana ya juya, wai mai gyara ya ce kayanta sun daina zuwa kasuwa, gara a sayi sabuwa 'yar yayi a huta. Ita dai sai ta ce to, ta ci gaba da taka keken ɗinkinta. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Ba kyamarar ce ta dame ta ba. 'Yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ce ta roƙi hotonta, tana so ta rataya a falo don yaranta su san fuskar kakarsu. Da aka zazzage akwatunan gidan, an sami hotunan amare, da na 'yan makaranta, har da na wani mutum rungume da akuyarsa. Nata guda ɗaya tak, na katin shaida, bayan shekara ashirin da bakwai da aure.

Sau uku tana yi masa magana, amsar ba ta sauya ba: ta bari a gama da batun kyamara, shi ba zai ɗauki matarsa da abin da ke fitar da mutum dishi-dishi ba. A karon farko maganar har daɗi ta yi mata.

Ran wata Talata ta goge rigar da ta ɗinka wa kanta, ta kafa ɗauri, ta tsallaka titi zuwa sabon shagon hoto da wata mata ta buɗe. Mai shagon ta zaunar da ita, ta gyara mata kafaɗa, ta ɗan ɗaga mata haɓa da yatsa, ta ce, "Mama, kalle ni nan." Sai ta ji ƙwalla na neman zubo mata, don ta manta rabon da wani ya tsaya ya dube ta haka.

Da ta dawo, ta ajiye hoton a kan teburin mijin, kusa da tsohuwar kyamarar da ya kwance gunduwa-gunduwa. Ta shirya wa faɗa, so ma take ya yi faɗan. Ya ɗauka, ya sa tabarau, ya matsa bakin taga. Ya daɗe yana kallo, har ta fara jin kunya, ta hau gyara bakin mayafi.

"Baban yara, ya ka gani?"

"Kin ga zaren wuyan rigar nan? Ɗaya bayan ɗaya mutum zai ƙirga shi," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ba ki tambayi mai shagon wace irin kyamara take aiki da ita ba?"